Keken Kawu a Omdurman

Kawuna ya haura shekara sittin, amma har yau keke ne ƙafarsa. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, a nan aka haife shi. Kullum da sassafe yakan taka zuwa Suk al-Shabi ta Omdurman, inda motocin haya ke lodin fasinja, ya yi cefanen albasa, wake da gawayi, ya ɗaure a kariya, ya dawo kafin rana ta take. Samari kan ce, "Kawu, ai adaidaita sahu ta fi sauri." Sai ya yi murmushi kawai.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, fetur ya yi wuya, motoci suka tsaya, asibitoci da dama suka rufe. A kan keken nan ya zagaya shagunan magani yana neman allurar ciwon sukarin Gwaggo. Daren da naƙuda ta kama ƙanwata, shi ya goyo ungozoma, yana bin lunguna don kauce wa shingayen masu bindiga.

Yanzu gwiwoyinsa sun fara ciwo, ba ya faɗa. Ku samarin gida, don Allah ku karɓe masa cefanen safe.