Giwa da Kunama a Abijan

Tsakanin 1993 da 1995 masana suka zauna a Abijan domin hangen makomar ƙasarsu, nazarin da aka sanya wa suna Côte d'Ivoire 2025. Hanyoyi suka zayyana, kowace da dabbarta: mafi kyau giwa mai tafiya, mafi muni kunamar da ta harbi kanta.

Ɗalibin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin "za mu isa" da "mâ isa". Na farko ƙuduri ne, na biyu tsammani mai sharaɗi. Masanan da harshen "mâ" suka yi magana, masu mulki suka ji "za", suka rungumi giwa. A Disamban 1999 soja suka kifar da gwamnatin Bédié, a 2002 ƙasar ta rabu biyu.

Dafin kuwa tun da wuri ya kai ga Hausawan Adjamé da Treichville, waɗanda a wancan lokacin ake tsarewa a hanya ana tambayarsu katin zama, alhali wasunsu nan aka yanke cibiyarsu. An sake wani nazarin, na 2040. Tambayar ɗan kasuwar Adjamé gajeriya ce: jikansa, a wane shafi za a ƙidaya shi?