Ɗan Tsakiya

A unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe, kakana ya koya mini dara a gindin wata darbejiya. Gurbi 30 muke tonawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, shi tsinke, ni tsakuwa.

Duk sa'ad da muka fara dasawa, sai in lafe a gefe don tsoron kada a ci ni. Shi kuwa tsakiya yake nufa. Ran nan ya dube ni ya ce, "Abokina, ɗan tsakiya hanya huɗu gare shi, na gefe uku, na kusurwa biyu. Wanda ya maƙale a bango, ai ya ci kansa tun ba a motsa ba."

Da na zo jami'a na koyi darar Turawa, sai na tarar zancen ɗaya ne: doki a tsakiya gida 8 yake iya dira, a kusurwa kuwa 2 kacal.

Har Allah Ya karɓi ransa ban taɓa cinye shi ba. Amma ranar da malaminmu ya nemi wanda zai fara karanta waƙarsa, ina can kujerar baya, sai na tuna tsinken nan nasa. Na miƙe, gabana na faɗuwa, na fito gaban aji.