'Yan Dakon Baltoro

 

A can arewacin ƙasar Pakistan, kusa da iyakarta da ƙasar Sin, akwai wani yanki da ake kira Baltistan, inda Allah Maɗaukakin Sarki Ya tara manyan duwatsun da ake wa laƙabi da Karakoram. A cikinsu ne dutsen K2 yake, mai tsawon mita 8,611, wanda duk duniya dutsen Everest kaɗai ya fi shi. Mota ba ta zuwa gindinsa. Duk mai son ganinsa ido da ido sai ya taka da ƙafarsa har tsawon mako guda, kuma mafi yawan tafiyar a kan wani daskararren kogin ƙanƙara ake yin ta mai suna Baltoro, wanda tsawonsa ya haura kilomita 60. Allah Ya ƙaddara mini yin wannan tafiya a watan Yulin shekarar 2019, lokacin ina karatun digiri na biyu a birnin Islamabad, ta hanyar wani abokin karatuna ɗan yankin, wanda yayansa sana'arsa ke nan, wato jagorantar baƙi. Ba don sauƙin da ya yi mana ba, ai kuɗin wannan tafiya ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Domin mai karatu ya samu ma'auni: wuri mafi tudu a duk Nijeriya shi ne Chappal Waddi da ke jihar Taraba, tsawonsa mita 2,419. To, ƙauyen Askole, inda jif ta sauke mu bayan wunin da muka yi muna gwagwarmaya da hanya daga garin Skardu, yana kan kimanin mita 3,000 ne. Ke nan inda namu tudun ya ƙare, su ko fara lissafi ba su yi ba.

Hukuma ba ta barin baƙo ya shiga wannan yanki sai da takardar izini da jagora mai lasisi, saboda wurin yana maƙwabtaka da Siachen, inda sojojin Indiya da na Pakistan suka ja daga tun shekarar 1984. Mu tara ne matafiya, daga ƙasashe daban-daban, amma da safiyar da za mu tashi daga Askole sai na ga mutane sun fi arba'in sun yi layi a gaban wani sikeli. Waɗannan su ne 'yan dako. Ana auna wa kowannensu kilo 25, wanda shi ne ƙa'ida, ban da nasa guzurin da bargonsa da zai ɗora a sama. Tantuna, gari, shinkafa, kananzir, tukwane, kujeru, har da teburin da za mu ci abinci a kai, duk a bayan ɗan Adam za su hau. Ni kuwa abin da ke bayana bai wuce gorar ruwa da rigar sanyi da ƙaramin Mus'hafi ba. Tsarin ya tuna mini da labarin fatake da kakana ke ba mu, na masu zuwa Gwanja sayen goro: akwai madugu mai yanke hukunci, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai zango. A nan ma haka ne, jagora shi ne madugu, sannan 'yan dako suna da nasu shugaban da suke kira sardar, kuma ba da kwana ake lissafa ladansu ba, da zango ake lissafawa.

Kwana biyun farko babu abin faɗi mai yawa sai rana da ƙura da rurin kogin Braldu. A zangon Paiju muka yini guda muna hutawa, kuma hutun yana da dalili biyu. Na farko jikinmu ne. Yayin da mutum ke ƙara hawa, iskar da yake shaƙa tana ƙara sirancewa, ta yadda a wajen mita 5,500 abin da numfashi ɗaya ke kai wa huhu bai wuce rabin abin da yake kaiwa a bakin teku ba. Jiki yana sabawa, amma a hankali, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar cewa daga mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya yi gaggawa zai fara da ciwon kai da tashin zuciya, idan kuma ya ci gaba ruwa na iya taruwa a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, kuma babban maganin wannan shi ne a sauko da shi nan take. A nan ina jan hankalin 'yan uwana musamman: da yawa daga cikinmu muna da rukunin jini na AS ba tare da ya taɓa damunmu ba, amma a irin wannan tudu yana iya taɓa saifa. Kada wani ya nufi can bai ga likita ba. Dalili na biyu na hutun kuwa na 'yan dako ne, domin Paiju ne wuri na ƙarshe mai itatuwa. A ranar suke yanka akuyar da aka koro tun daga Askole, su raba naman, su gasa gurasar da za ta kai su sama ta dawo da su. Da dare kuma suka yi ta waƙa da tafi suna kaɗa jarkar kananzir, da harshensu na Balti, wanda ɗan uwan harshen mutanen Tibet ne.

Daga Paiju aka hau Baltoro. Na zaci zan ga fili fari fat, sai na tarar da tsibi-tsibin duwatsu da tsakuwa sun lulluɓe ƙanƙarar, hawa da gangara babu iyaka, dutse na motsi a ƙarƙashin ƙafa, ga ƙarar ruwa na gudu a can ƙasa inda ido ba ya gani. Ina sanye da takalmin da aka yi domin wannan aiki, ina haki. 'Yan dako kuwa, da yawansu takalmin roba ne a ƙafarsu, irin wanda ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye. Su kan yi sauri na 'yan mintuna, su tsaya su tokare kayan da wata gajeriyar sanda, su numfasa, su sake zabura. Ko da muka isa zango, mun tarar an kafa tantuna, shayi ya tafasa. Da dare mu shige jakar barci mai laushi, su kuma su shiga wani ɗan kewayen duwatsu da bai kai ƙugu ba, su ja tamfol a sama, mutum takwas ko goma su matsu da juna don ɗumi. A zangon Urdukas, mai kimanin mita 4,000, jagora ya nuna mana inda wani ƙaton dutse ya rufto a shekarar 2011 ya kashe 'yan dako uku da suka fake a ƙarƙashinsa. Allah Ya jiƙansu.

Batun salla ya zo da abubuwan da ban taɓa tsammani ba. Mu da muka saba kiran alƙibla gabas, a can yamma ake fuskanta, da ɗan karkata zuwa kudu. Sannan ga sanyin asuba, wanda ruwan gora kan wayi gari ya zama dutse. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a littafin Ahalari, cikin abubuwan da aka lissafa ana taimama da su har da ƙanƙara. Muna yara mun haddace wannan a cikin zafin bazara muna ta mamakin ina za a same ta, na kuma karantar da shi ga ɗalibaina shekaru da dama, sai ga ni zaune a kan mas'alar da kanta. Na tuna kuma da Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya yi taimama a yaƙin Zatus Salasil saboda tsoron sanyi, Manzon Allah (SAW) bai kuwa zarge shi ba. Sai dai ban buƙaci rangwamen ba sai sau biyu, saboda mai dafa mana abinci, da ya lura ina tashi da asuba, ya riƙa ajiye mini kofin ruwan ɗumi a bakin tanti. Wannan ba ƙaramar kyauta ba ce a wurin da kowace litar kananzir sai da wani ya goyo ta kwana biyar. Mutanen Baltistan mafi yawansu 'yan Shi'a ne, wasu kuma mabiya ɗariƙar Nurbakhshiyya, kuma saɓanin da ke tsakaninmu sananne ne, ban ɓoye nawa ba, su ma ba su ɓoye nasu ba. Amma ruwan alwalar bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

A rana ta bakwai muka isa Concordia, kimanin mita 4,600, inda Baltoro ke haɗuwa da wani kogin ƙanƙarar mai suna Godwin-Austen. Ba zan wahalar da alƙalami wajen siffanta wurin ba. K2 na tsaye a arewa shi kaɗai, Broad Peak mai mita 8,051 na gefensa, mutum ya rasa abin cewa sai tasbihi. Washegari muka taka zuwa kusa da gindin K2, inda akwai wani tsibin duwatsu da aka fara tarawa domin tunawa da Art Gilkey, Ba'amurken da ya mutu a kan dutsen a shekarar 1953. An manna masa farantan cin abinci na ƙarfe, kowanne an sassaƙa sunan wani mamaci. A nan ne jagoranmu ya ba mu labarin Amir Mahdi, mutumin Hunza. A shekarar 1954, lokacin da Italiyawa biyu, Compagnoni da Lacedelli, suka zama na farko da suka taka ƙololuwar K2, Mahdi ne tare da Walter Bonatti suka hau musu da tulunan iskar shaƙa. Ba su tarar da tantin a inda aka yi alkawari ba, dare ya rutsa da su a wajen mita 8,100, suka kwana a fili. Mahdi ya rayu, amma sanyi ya cinye yatsun ƙafarsa, aka yanke su. An shafe fiye da shekara 50 ana jayayya a Italiya kafin a tabbatar da gaskiyar abin da ya faru a daren, shi kuwa Mahdi ya rasu a shekarar 1999.

Shirinmu shi ne mu fita ta wata mashiga mai suna Gondogoro La, wadda ta haura mita 5,500, mu gangara kwarin Hushe. Ita ce gajeriyar hanya, kuma ita ce abin alfaharin tafiyar. Sai dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba. Jagora ya tara mu a tantin cin abinci ya ce ba za a bi ta can ba, za a koma ta inda aka fito. Nan fa hayaniya ta tashi. Wasu daga cikinmu suka ce sun biya kuɗin tsallakawa, suna da igiya, suna da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, kuma sun ji wata tawaga ta tsallaka kwana uku da suka wuce. Ɗaya ma ya ce zai ƙara kuɗi. Jagoran ya saurare su har suka gama, sannan ya ɗaga labulen tantin ya nuna 'yan dakon da ke tsugune a ƙarƙashin tamfol, ya ce ku tara kuna da kayan hawa, waɗannan fa? Ya ce gangaren bayan mashigar yana da tsayi, sabuwar dusa kuma ba ta riƙe ƙafa, mai kilo 25 a baya da takalmin roba idan ya zame babu mai tare shi. Na goyi bayansa, kuma har yau ina ganin hukuncinsa daidai ne. Kuɗin da muka biya na aikin mutanen ne, ba mu sayi rayukansu ba, kuma mai ɗaukar ɗan ƙwadago ba shi da haƙƙin ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa don kawai talauci ba zai bar shi ya ce a'a ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan: da jagoran ya ce a tafi, babu ɗan dako ɗaya da zai ƙi.

Wannan zama ne ya faɗo mini a rai bayan shekara huɗu, da labarin Muhammad Hassan ya bazu a duniya. Ɗan dako ne daga kwarin Shigar, kwarin da jif ɗinmu ta ratsa, mai shekara 27 da 'ya'ya uku. Ranar 27 ga Yulin 2023 ya zame a wani ƙuntataccen wuri kusa da ƙololuwar K2, a wajen mita 8,200, ya kwanta a kan hanya yana jin jiki, kuma hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna mahaya suna tsallake shi suna wucewa. A ranar ce Kristin Harila 'yar ƙasar Norway da Tenjen Sherpa suka kammala hawan duwatsu 14 mafiya tsawo a duniya cikin kwana 92. Ita dai ta ce mutanenta sun daɗe suna ƙoƙarin taimakonsa, kuma masana da yawa sun ce sauko da mutum daga wannan wuri abu ne mai matuƙar wuya. Ba ni da hurumin yanke wa wanda ke can hukunci daga kan tabarmata. Tambayata tana can baya ne, tun kafin ya zame: binciken da hukumar yankin ta yi ya nuna ba shi da isassun kayan sanyi, ba shi da ƙwarewar hawa irin wannan tudu. Wa ya dube shi a haka ya ce ya hau? Sai a shekarar 2024 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Naila Kiani ta sauko da gawarsa aka miƙa wa iyalinsa suka yi masa sutura.

Mu dai komawarmu ta ɗauki kwana biyar, kuma biyu daga cikin abokan tafiyar ba su sake yi wa jagoran magana ba har Skardu. A Askole aka shimfiɗa tabarma, sardar ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya, jagora na ƙirga wa kowa ladansa a hannu a gaban idonmu, sannan muka haɗa ɗan ihsani aka raba. Na ba mai dafa abinci safar hannuna da tabaran kare ido, don na ga nasa ya tsage, hasken ƙanƙara kuwa yana makantar da mutum na kwanaki. Lokacin aikin nasu wata uku ne kacal a shekara, daga Yuni zuwa Agusta, abin da aka samu a ciki shi za a ci har sanyi ya wuce. Shi ya sa da jif ɗinmu ta tashi da sassafe, na hangi fiye da rabinsu sun riga sun sake yin layi a gaban sikeli, wata tawagar ta iso daren jiya.