Abin da Ido Ba Ya Gani a Cikin Kwalba

Lokacin da nake binciken digirina na biyu, na shafe watanni a ɗakin gwaje-gwaje ina raba gilaikol da ruwa. Da farko na raina aikin. Ruwa yana tafasa a digiri 100, etilin gilaikol kuwa sai ya kai 197. Da wannan tazara, ruwa zai tashi tururi ya bar gilaikol a gindin tukunya.

Daga baya na gane cewa korar ruwa somin taɓi ne. A masana'antu, ana samar da etilin gilaikol ta hanyar haɗa etilin oksaid da ruwa, kuma da gangan ake yawaita ruwan domin rage samuwar dangoginsa, musamman dayetilin gilaikol. Sannan a ƙafe ruwan a jerin tukwane, tururin wannan yana dumama ta gaba don tattalin makamashi. Babban aikin shi ne raba dangin da junansu, bayan an rage matsin iska, domin zafi mai tsanani yana lalata gilaikol.

Wata rana da yamma gajiya ta sa na ƙara wuta don in gama da wuri. Abin da na tara ya fito garau, amma na'urar awo ta nuna dayetilin ya biyo shi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ranar nan idona bai san komai ba.

Dayetilin gilaikol ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, kuma yana lalata ƙoda. Tsakanin 2008 da 2009 ya hallaka yara 84 a Nijeriya ta cikin maganin haƙori mai suna My Pikin, inda ya shiga gurbin furofilin gilaikol da aka saba haɗa magani da shi. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya sanadiyyar gurɓataccen maganin tari.

Yanzu 'yata tana fitar da haƙori. Duk sa'ad da na ɗaga kwalbar maganinta, nakan tuna cewa lafiyarta tana hannun wani ma'aikaci da ban sani ba, wanda shi ma yakan gaji da yamma. Fatana shi ne ya auna kafin ya tashi.