Motar da Aka Ce ta Haukace

Motar ta girmi babban ɗansa. An ƙera ta a Japan a tsakiyar shekarun 1990, ta ci zamaninta a Turai, sannan jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano, ta ratsa hannu biyu kafin ta zo nasa. Shekara tara ke nan yana jigilar fasinja da ita daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, in kakar albasa ta kama ya zarce Galmi. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara da maganin tsohuwarsa duk daga cikinta suke fita.

Ciwon ya soma ne a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa, buhunan albasa kuma suke jibge a bakin hanya. Da asuba takan tashi da murɗa makulli sau ɗaya. Da rana ta take, inji ya ɗau zafi, sai ta fara shessheƙa, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta mutu a tsakiyar kwalta ba sallama. Wata rana a Tsarnawa, daidai mararrabar hanyar Tawa, ta mutu da mutum shida a ciki, har da mai jego. Bayan rabin sa'a ta tashi kamar ba ita ba. Ya zargi man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, ya wanke tanki. Ya sauya buji, ya sauya matatar mai, ya sauya famfon mai. Kuɗi suka tafi, ciwo yana nan. A tasha kuwa abokan sana'a sun riga sun yanke hukunci: motar ta haukace, ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu.

Abin da suke nufi wani ɗan akwatin ƙarfe ne, girmansa kamar na littafi, a ɓoye ƙarƙashin allon gaba wajen ƙafar fasinja. A motoci masu kafireta, gauraya iska da mai aikin ƙarfe ne da makaniki zai kwance ya hura ya mayar. Tun da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin Motronic a 1979, wanda ya haɗa feshin mai da tartsatsin buji ƙarƙashin kwamfuta guda, aikin ya ƙara komawa hannun lantarki. Akwatin yana karɓar labari daga ƙananan na'urorin awo: saurin juyawar inji, zafin ruwan lagireto, yawan iskar da ke shiga, gwargwadon yadda direba ya taka totur. Daga nan ya lissafa yawan man da za a fesa, yana neman kashi ɗaya na fetur ga kashi 14.7 na iska a bisa nauyi, ya kuma zaɓi lokacin da wuta za ta kama.

A Ƙonni wannan akwati sunansa uku. Wanda ya koyi aiki a Yamai ko Tawa zai ce kalkilatar, aro daga Faransanci, ma'anarta mai lissafi. Wanda ya yi yaron gareji a Sakkwato zai ce birenbokis, daga Ingilishin Najeriya, wato akwatin ƙwaƙwalwa. Mai mota kuwa ƙwaƙwalwa yake cewa, rabin ma'anar waccan ta biyu da aka fassara aka bar sauran. Garin da ke da ƴan kilomitoci tsakaninsa da iyakar Najeriya ya saba da irin wannan tagwaitaka: buji da fulogi abu ɗaya ne, kuma bakin Adar yakan mayar da na biyun hulogi. Dukkansu sun bi dokar gaɓar Hausa, wadda ba ta yarda baƙi biyu su buɗe kalma a jere ba sai wasali ya raba su. Da haka aka sami birki da kuloci, da haka biren ya sami wasalinsa na farko. Har jinsi yana sauyawa da sunan: birenbokis ya ƙone, ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Amma sunan na ukun yana da wani nauyi da sauran ba su da shi. Mai lissafi yakan yi kuskure in an ba shi lambobin da ba daidai ba, kowa ya san haka. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta taɓu, magana ta ƙare, sai addu'a. Da zarar mota ta yi abin da ba a gane kansa ba, kalmar da kanta take miƙa wa mutum amsa, kuma akwatuna masu ƙoshin lafiya da yawa sun tafi bola a kan wannan amsa, alhali wata waya ce ta yi tsatsa a wani lungu.

Wanda ya fara duba motar wani saurayi ne mai balis, na'urar binciken da sunanta a Faransanci yake nufin akwatin tafiya. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari yana laluben soket mai rami 16 da ake cusa ta, bai samu ba. Ba laifinsa ba ne. Wannan soket na bai-ɗaya Amurka ta wajabta shi daga motocin 1996, Turai kuma ta bi a kan masu shan fetur a 2001. Motar ta riga dokar zuwa duniya. Saurayin ya karkaɗe gwiwarsa, ya ce a sayi wata ƙwaƙwalwar kawai.

Kuɗin da ya ambata sun kusa ribar wata guda, shi ya sa direban ya nufi rumfar wani dattijo mai aikin wayar mota a bayan tasha, mutumin da ya fara da gyaran rediyo tun yana yaro.

“Baba, sun ce ƙwaƙwalwa ce.”

“Wa ya tambaye ta?” in ji dattijon. “Ɗana, in mutum yana tuntuɓe, idonsa ake fara dubawa. Ba a kai shi gidan mahaukata ranar farko.”

Ya karɓi kwatancin tasha, sai dai ya bi shi har ƙarshe. In akwai ƙwaƙwalwa, to akwai ido da kunne, akwai jijiyoyi, akwai jini. Ya fara da jini. Batir a kashe ya nuna bolt 12.6, da inji ya tashi ya haura kusan 14. Ya kwance wayoyin da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya goge su da takardar yashi, ya mayar. Sannan ya ɗauko guntuwar waya, ya haɗa ramuka biyu na wani ƙaramin soket a ƙarƙashin boneti, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Fitilar gargaɗi ta fara ƙyaftawa, yana ƙirgawa da leɓɓansa. Haka tsoffin motocin nan suke magana: ƙyafta biyu, shiru, ƙyafta biyu, lamba ke nan, kowace lamba kuma da ƙorafinta. A karon farko ta kai ƙarar ma'aunin zafin ruwa. Dattijon ya cire shi, ya jefa cikin ruwan zafi, ya auna, ya tarar lafiyarsa lau. Ya share ƙorafin, ya bar inji ya yi zafi, ya sake tambaya. Wannan karon ma'aunin totur ta zarga. A karo na uku ta yi shiru, alhali motar ta mutu a gaban idonsu.

“Shaidar da ke sauya magana sau uku, ita ake tsarewa,” ya ce.

Duk da haka bai taɓa akwatin ba sai da ya yi awo ɗaya na ƙarshe. Akwatin yana aika wa na'urorin awo wuta mai bolt 5 daidai, kuma a kan wannan ma'auni suke ba da rahoto. Da sanyi biyar ɗin tana tsaye. Da zafi ya kama sai ta fara rawa, ta sauka ta hau. Ido da kunne gaskiya suke faɗa, mudun da aka ba su ne yake sauya girma. A nan ya yarda ya ɗauko sukudireba.

Da murfin ya buɗe, wani ɗan ƙarni kamar na kifi ya taso. A kan koren faranti akwai wasu ƙananan gwangwanaye masu ajiye wuta, waɗanda dattijon yake kira kondansatar tun zamanin rediyo. Cikinsu akwai ruwan sinadari, kuma shekaru da zafi sukan busar da robar da ta toshe gindinsu. Uku sun yi yoyo. Ruwan ya malala ya cinye siraran hanyoyin tagulla, ya bar tabo ruwan ƙasa. Kusan shekara talatin, rabinsu a ranar Adar. Da an zo da wuri, da sauya gwangwanayen ya isa. Yanzu ɓarnar ta shiga ƙarƙashin wasu sassan da hannu ba ya kaiwa.

Ƴan tasha dai sun yi gaskiya, ko da yake gaskiyar mai jifa cikin duhu ce.

Saura neman madadi, kuma a nan sunayen uku suka gaza gaba ɗaya. Direban ya tsallaka Illela, ta jihar Sakkwato ba ta jihar Tawa ba, ya ce birenbokis yake so, ya ambaci irin motar. Aka ba shi wani mai kama da nasa sak, har bakin soket. Da aka ɗaura, mota ta tashi, amma inji yana ta hawa da sauka shi kaɗai, fitilar gargaɗi kuma ta ƙi mutuwa. Dattijon ya juya akwatin, ya nuna masa farar takardar da ke manne a baya. Lambobin farko sun dace, na ƙarshe sun bambanta: na mota mai sauya giya da kanta ne, yana ta neman sassan da babu su a mota mai giyar hannu. Mai kaya ya yarda da musanya, sai dai ba shi da irin wanda ake nema. Aka kwafe lambar a bayan kwalin shayi, aka ɗauki hotonta aka tura wa wani ɗan'uwa a Sakkwato. Kwana biyar ana jira, albasa tana wucewa a motocin wasu.

Tsufan motar ya yi rana a wuri ɗaya. Waɗanda aka ƙera don Turai daga ƙarshen shekarun 1990 galibi akwatinsu a ɗaure yake da makulli saboda ɓarayi, ba ya tashi sai an daidaita su da na'ura. Wannan kuwa ba ruwanta.

Akwatin ya iso ranar Talata da la'asar, naɗe cikin tsohuwar jarida. Direban ya ƙagu a ɗaura. Dattijon ya ƙi, ya ce sa'an wancan ne, nono ɗaya suka sha. Ya buɗe shi, ya sunsuna, ya zare gwangwanayen duka, ya narka dalma ya dasa sababbi. Sannan ya cire wayar batir, ya cusa soket har ya ji ƙas, ya mayar da wayar. Inji ya tashi, ya yi ɗan gunaguni, ya daidaita.

Washegari da tsakar rana, lokacin da takan mutu, suka kama hanyar Malbaza su biyu. Suka wuce Tsarnawa ba wanda ya ce uffan. Sai da masana'antar siminti ta bayyana daga nesa direban ya tambaya me zai gaya wa mutanen tasha.

“Ka ce musu ta warke.”

Tsohon akwatin yana nan a kan kantar rumfa tare da wasu huɗu. A jikinsa dattijon ya rubuta lambar motar da alli.