Daɓen Takarda

A Amurka akwai masu rufe daɓen ɗakunansu da jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa, irin na zuba sayayya a kanti. Sukan yayyaga takardar, su cukuikuye ta, su tsoma a gam da aka sirka da ruwa, sannan su manna gefe kan gefe. In ta bushe a bi ta da man sheƙi, shafi bayan shafi, har ta yi kamar jemammiyar fata.

Haƙurin aikin ne ya tsaya mini a rai. Kuɗin kaɗan ne, gwiwa da ƙugu ke biyan sauran, yadda iyayenmu mata ke yini a durƙushe suna daɓe da makuba. Sai dai takarda ba ta shiri da danshi. Wanda simintinsa ke tsattsafo da ruwa da damina, kada ya soma.