Daga Gwanja zuwa Gwanjo

Mu 'ya'yan zango, a tafin ƙafa muka gaji tarihinmu. Kakanninmu fatake ne. Sun tako daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, wata da watanni suna bin bayan jakuna, su kawo kanwa da tufafi, su koma da goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawansu suka gangaro Kumasi da wasu garuruwan. Shi ya sa muka tashi muna jin ana yabon ƙafa mai kanta, mai laushin dunduniya kuwa a kira shi ɗan hutu.

Ba su yi ƙarya ba. Kanta garkuwa ce: duk inda fata ta sha guga da matsi, sai ta yi kauri don ta kare naman da ke ƙarƙashinta. Haka take a hannun mai daka, haka a idon sawun dattijon da ya daɗe yana zaman tahiya.

Sai dai tamu ta yau ba ta hanyar Gwanja ba ce, ta takalmin gwanjo ce. Mu saye shi a Kejetia, ya matse mana ɗan yatsa, mu ce ai zai saki. Bai saki ba, ya haifar mana da wata 'yar kanta mai tsini a ciki, kowane taku kamar an taka ƙaya. Daga nan sai mu ɗauko reza.

Wani dattijo a unguwarmu haka ya yi. Ciwon suga ya riga ya kashe masa jin ƙafa, ya yanka har ya wuce fata bai sani ba, ya ɗaure da tsumma. Kafin a kai shi asibiti gyambon ya ci yatsu biyu. Yanzu a kan kujera yake sallah, can ƙarshen sahu.

Alhali abin da iyayenmu mata suka sani ya fi reza: a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goga da dutsen goge kaushi a hankali, a shafa man kaɗanya, musamman da hunturu lokacin faso. Muddin takalmin nan bai bar ƙafa ba, kantar za ta dawo. Na gaba a gwada shi da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura. Mai ciwon suga kuwa, ko filastar kemis mai cin fata kada ya liƙa, ma'aikacin lafiya ne zai taɓa masa. Sau biyar muke wanke ƙafa a yini. Idan mun zo tsettsefe yatsu a alwala, mu sunkuya mu duba.